Zanen Gobir a Kuncin Ummi

Zuwa ga Yayana Haruna, a Tibiri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanda ya goya ta, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna Tabawa da dukan mutanen gida. Mu nan Bronx ta New York sai godiyar Allah. Sanyi ya fara shigowa. 'Yarka Ummi ta ƙara tsawo, takalmin da ka saya mata kafin ka tafi ya matse ta, amma ta hana a ba kowa.

Ka yi mini afuwa da na shimfiɗa maganar gida a inda kowa zai karanta. Na gwada ta waya, kai ma shaida ne. Da zarar na ɗauko zancen sai ka ce rezo, wato layin waya, ya lalace, ka kashe. Amma na san kana leƙa shafina na intanet, don ranar da na sa hoton miyar kuka, kai ne ka aiko cewa ta yi ruwa. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau ka daure ka karanta har ƙarshe.

A kan fuskarka zan yi magana, Yaya.

Kai ne na ƙarshe da wanzami ya yi wa zanen Gobirawa a gidanmu. Kafin ni in zo duniya Baba ya ce a daina, shi ya sa nawa kuncin ya tashi sumul. Ka tuna yadda nake jin haushi ina yarinya? Na taɓa ɗaukar gawayi na zana wa kaina layuka daga gefen baki zuwa kunne, na zo ina yi maka taƙama. Ka yi dariya har ka riƙe ciki, ka ce na yi su daidai wa daida, alhali na gaskiya kunci ɗaya ya fi ɗan'uwansa da layi guda. Sai ka karɓi gawayin ka ƙara mini wanda ya rage.

A nan ma zanen bai taɓa zame maka abin kunya ba. Shekara da shekaru kana tsaye bayan teburinka kusa da titin Grand Concourse, kana sayar da turare da man kaɗe da huluna, yaran unguwa suna tsayawa su tambaye ka ko zaki ne ya yage ka. Amsarka kullum ɗaya ce: "Zaki ne, amma ku je ku ga yadda na bar shi." Maƙwabciyarmu Mama Tunde kuwa, Bayarabiyar da ke ƙasan benenmu, ba ta taɓa barinka ka wuce ba tare da ta kira ka bawanta ba, kai ma kana ramawa, kamar yadda Bagobiri da Bayarabe suka gada. Tun da ka tafi ba ta sake tsokanata ba. Gaisuwa take yi mini a hankali, kamar wadda ta zo ta'aziyya.

Lokacin da mahaifiyar Ummi ta rasu, yarinyar ta daina barci. Na goya ta, na yi mata waƙa, duk a banza. Sai ka kwantar da ita a ƙirjinka ta riƙa bin layukan kuncinka da ɗan yatsa, daga baki zuwa kunne, daga kunne zuwa baki, har idonta ya rufe. Da haka ta yi wayo.

Sai waccan bazarar. Ka loda kaya a mota za ka wata kasuwar baje koli a kudu, kamar yadda kuka saba yi in zafi ya shigo. Na ce maka ana maganar wasu jihohin can sun yi dokar da ta sa ɗan sandan hanya ma yana tambayar takardun zama, kuma permin tuƙin da New York ta ba ka ba lallai su duba shi da daraja ba. Ka ce mini arziki ba ya zuwa ya sami mutum a zaune. Sai ɗan sanda ya tsayar da kai a kan fitilar bayan motarka. Daga nan sai hannun jami'an shige da fice, sai gidan tsaro, sai jirgi zuwa Yamai. Ko jakar tufafinka ba ka dawo ka ɗauka ba, tana nan bayan ƙofa inda ka bar ta.

Abin da ka faɗa mini a kiranka na farko daga inda suka tsare ka bai bar kunnena ba. Ka ce ɗan sandan ya daɗe yana kallonka kafin ya nemi takarda, har ya tambaye ka wa ya yanke ka haka. Ka ce, "Salamatu, fuskata ce ta kai ni." Sannan ka ja mini kunne: "Kada yarinyar nan ta faɗa wa kowa daga inda muka fito. A nan aka haife ta, 'yar nan ce, shi ke nan."

Ban sani ba ko fuskarka ce, ko fitilar ce, ko dai kwanan zamanka ne ya ƙare. Abin da na sani shi ne tun da ka sauka gida ba ka taɓa buɗe kyamara ba. Murya kawai. Ummi ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallon baƙin gilashi, kana tambayarta karatu, tana amsa maka da Turanci. Kullum rezo, rezo. Haba Yaya. Daga cikin gidan nan da kake zaune Inna Tabawa ta nuna mini ragon Layya ta bidiyo, har ƙahonsa na gani tar.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu.

A makarantar su Ummi akwai wani darasi da ake koya musu tarihin mutanen da suka taru a unguwar, kowa da inda kakanninsa suka fito. Ka ji dai a labarai ana ta kai ruwa rana a kan irin wannan darasi, wasu jihohin sun hana shi, wai yana raba kan yara. Da hayaniyar ta yi yawa, sai makarantar ta kira mu iyaye taro.

Na ɗauka da bare za mu yi gardama. Ashe da namu ne. Alhaji Ɗanjuma mai shagon kayan miya, wanda kuke sahu ɗaya da shi a masallaci, shi ya fara miƙewa. Ya ce shi lissafi da kimiyya ya kawo 'ya'yansa su koya, tarihin gida kuwa a gida ake bayar da shi. Ya ce a wannan zamani wa zai sa ɗansa ya tsaya gaban jama'a yana faɗin ta inda ubansa ya shigo ƙasa? Sai ya juyo ya dube ni, ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowa a wurin ya san gemun wa yake nufi.

Na so in ji haushinsa, na kasa, don maganarka ce ya faɗa da bakinsa. Malamar kuma, wata 'yar siririya wadda iyayenta ma baƙi ne, ta ce ba ta tambayar kowa takarda, ba ta tambayar ta ina aka shigo. Ta ce yaron da aka koya wa ɓoye sunan garinsu, wata rana shi da kansa zai yarda garin abin kunya ne. Na fito daga taron kaina ya ɗaure. Duka biyun gaskiya suka faɗa, ni kuma yarinya ɗaya gare ni a hannu.

Darasin dai bai mutu ba. Aka sa ranar da kowane yaro zai kawo wani abu daga gidansu ya yi bayani, iyaye su zo su gani. Na ce wa Ummi ta ɗauki faifai ko ludayi, abin da ba zai jawo tambaya ba.

Ana gobe ranar, da yamma ina tuƙa tuwo na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa ɗaki na same ta gaban madubi da kwallina a hannu. Ta ja layuka daga gefen baki zuwa kunne, dama da hagu. Ta ce ita fuskar Babanta za ta kai makaranta.

Yaya, na tuna kashedinka. Wallahi na tuna, har na miƙa hannu zan ɗauko tsumma. Sai idona ya sauka a kan layukan, na ga ta yi su daidai wa daida. Kuskuren da na yi da gawayi a tsakar gidanmu, shi ta yi da kwalli a hawa na huɗu na benenmu a unguwar Mount Hope. Ban san lokacin da na karɓi kwallin na ƙara mata layin da ya rage ba. Ta tambaye ni me ya sa ɗaya ya fi ɗaya. Na ce haka muka tarar, ta tambaye ka in kun yi magana.

Washegari da safe na sake zana mata da hannuna, a tsanake. Ta sa farin hijabinta. A matakala muka haɗu da Mama Tunde za ta wurin aiki. Ta tsaya cak, ta dubi yarinyar, ta ce, "Ah, ga 'yar bawana." Sai ta kau da kai, ta yi sauri ta wuce. Ummi ta ji daɗi. Tafiya take tana ɗaga kai, tana maimaita abin da za ta faɗa, har da kalmar Gobir da ta sha wahala kafin ta zauna mata a baki.

Mun zo ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, inda za mu tsallaka titi, sai ga motar 'yan sanda a tsaye a bakin wani shago. Su biyu ne a ciki, suna shan kofi, suna hirarsu. Ko kallonmu ba su yi ba. Ni takarduna lafiya lau, ita kuma fasfonta na ƙasar nan ne, ba abin da wani zai yi mana. Amma sai na ji hannunta ya zame daga nawa. Kafin in juyo ta kama gefen hijabinta tana goge kuncinta da ƙarfi, dama da hagu, kanta a ƙasa. Ban ce ta goge ba, Yaya. Ba wanda ya ce mata. Da muka kai ɗaya gefen titin ba sauran layi ko ɗaya, sai baƙi-baƙi a bakin hijabi.

A aji na zauna a baya tare da sauran iyaye. Wani yaro ya kawo ɗan turmin kakarsa. Wata ta kawo zanen auren uwarta. Wani ɗan Zango daga Gana ya sa hular kakansa ya gaida mu da Hausa, aka yi ta tafi. Da aka kira Ummi ta miƙe, ta tsaya gaban allo, hannunta babu komai. Ta ce ta manta nata a gida. Malamar ta ce ba komai, wata rana ta kawo. Ta koma ta zauna, ta naɗe baƙin gefen hijabin cikin tafin hannunta don kada a gani.

Na yi kuka a banɗakin makarantar, ba zan ɓoye maka ba. Ba don darasin ba. Yarinyar da ba ta iya barci sai ta shafa zanen nan, yau ita ce ke tsoron a gan shi a fuskarta.

Muka dawo gida. Sai da na zuba mata abinci, ta ɗan jujjuya cokali, sannan ta ɗago ta yi mini tambaya, da Hausa kuma, ita da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Gwaggo, Baba ma goge nashi ya yi? Shi ya sa ba ya so in gani?"

Amsar ba tawa ba ce, Yaya. Tana wurinka.

Na san abin da ke cinka. Ka koma gida hannu rabbana bayan shekarun da ka yi kana aika wa mutane, kana ganin kamar kowa kallonka yake. Na san ka rame, Inna Tabawa ta faɗa mini. Amma an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma abin da kake yi ke nan. Waɗanda suka yi dokar suna can suna harkarsu. Ɗan sandan da ya tsayar da kai ya manta da kai tuni. Wadda ke biyan kuɗin fushinka 'yar shekara goma ce, tana zaune a nan kusa da ni tana aikin gida.

Ba ni da ikon dawo da kai. Lauya ya faɗa mana gaskiya, hanyar doguwa ce, ƙila ma babu ita. Ban san ko darasin nan zai kai baɗi ba, ban san ko Alhaji Ɗanjuma ne mai gaskiya ba. Sun raba ka da teburinka, da ɗakinka, da 'yarka. Fuskarka kuwa ba su karɓa ba, kai ne ka ɓoye ta.

Ranar Juma'a, in ka sauko daga masallaci, nan gari ya waye mana, ba ta riga ta fita ba. Ka nemi inda haske yake, ko a gindin dalbejiyar ƙofar gida ne. Ka buɗe kyamarar. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka matso da wayar kusa da kuncinka ka bar ta ta duba da kyau, ta ga suna nan yadda ta san su. Zan riƙe mata wayar, don na san yatsanta zai tafi kan gilashin.

Allah Ya sanyaya maka zuciya, Yayana. Allah Ya jiƙan Baba da Innarmu da ta haife mu da mahaifiyar Ummi, Ya kai haske kabarinsu. Allah Ya tsare waɗanda ke tsare a hannun hukuma, Ya mayar da kowane uba ga 'ya'yansa. Allah Ya raya mana Ummi, Ya cire mata tsoron da ba ita ta jawo ba. In da rabon ku sake haɗuwa a duniya, Allah Ya kusanto da ranar. In babu, Ya sa kada ta manta kamanninka. Amin.

Hijabin yana nan ban wanke ba. Ta ce in bar shi sai ka gani.

Taka ƙanwa da ka goya,
Salamatu
Mount Hope, Bronx