A Dawo da Keken Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara.

Jikin Baba dai sai a hankali. Ciki na murɗa masa, wandonsa ma sai da na ƙara wa bel ɗin huda biyu. Ya sa a ransa ƙarin nan ne da ya tafi da Baffa. Shi ya sa ya shiga rabon kayansa. Ni ya ba ni makullin shagon kafinta da babban zartonsa da ko taɓawa ba na yi. Kekensa na hanya, na mijinki ne. Likita ya ce ranar Laraba a yi hoton ciki, kada ya ci komai da safe. Baba ya ce da ma wa yake ci.

Ƙaninki.

Auta,

Muna lafiya. Keke ya iso, na jingine shi, na ce duk wanda ya hau ni da shi ne. Kai kuma har da karɓar makulli! Ka shiga ɗakin hoton tare da shi, ka buɗe idon nan naka, don Baba ba zai faɗa mana gaskiya ba.

Yayarka ta kanka.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na shiga. Ɗaki ne ƙarami mai duhu. Mai hoton ta shafa masa wani mai mai sanyi, tana yawo da wata ’yar na’ura a kan cikinsa, ta ce ya riƙe numfashi. A allon na ga layi biyu farare a jere, kamar bakin katako da aka goge. Baba bai motsa ba, amma layin ya lanƙwasa. Da ya sake lanƙwasawa, sai na ce mata abin nan fa tafiya yake.

Ta yi dariya ta ce, “Baba, ƙari ba ya yawo. Macijin ciki ne, kuma ba ɗaya ba ne, da su kuke raba abincinka.”

Baba ya daɗe yana kallo, ya ce ashe ’yan haya ya tara ba labari. An ba shi ƙwayoyi. Jiya sau biyu ya nemi ƙarin abinci.

Ƙaninki.

Yaya,

Gaisuwa. Yau da na je shago na tarar an riga ni buɗewa, zarton ma ya koma ƙusarsa. Baba ya ce a gaida maigidan, a kuma sako keken a mota gobe. Ya ce zai duba tayoyin.

Ƙaninki.