Shidan da Na Rubuta a Littafinka

Zuwa gare ka, sanyin idona, inuwar da nake hange daga nesa ban taɓa zama a ƙarƙashinta ba, ruwan farko mai sa busasshiyar ƙasa ƙamshi,

Ban san da wace fuska zan gaishe ka ba. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko na yayyaga su. Ni ce mai zama a bencin ƙarshe kusa da taga, wadda 'yan aji ke kira Shiru-shiru. Tun da muka shigo aji ɗaya na sakandare ko sannu ban taɓa ce maka ba, amma in ka tashi goge allo, kai monitan ajinmu, sai in ji kamar gari ne ya waye sau biyu. Yau kuwa laifi ne ya kawo ni, kuma wallahi alƙalamin nan nauyi yake yi mini kamar taɓarya.

Ka tuna ranar Talata, da Malamin lissafi ya ce a yi musayar littattafai kowa ya duba na wani? Suka yi ta yawo hannu zuwa hannu, sai naka ya faɗo a hannuna. Wayyo zuciyata! Na riƙe shi kamar ɗan tsako. Tambaya tara ka ci su tas. Ta goma ce, 12x² + 18x, ka fitar da uku waje, ka rubuta 3(4x² + 6x). Ba ƙarya ka rubuta ba, hasken raina, ƙarasawa ce ba ka yi ba. Akwai sauran biyu da ke raba huɗu da shida, akwai x a kowane ɓangare, duk ka bar su a cikin baka. Malam kuwa kullum cewa yake a nemo mafi girman abin da ya raba su duka, a kwashe shi gaba ɗaya. Ga amsa ya rubuta a allo: 6x(2x + 3).

Aikina kawai in sa jan biro in kayar da kai. Hannuna ya ƙi. Yaya za a yi ni, ni ɗin nan, in ɗiga ja a jikin farin wata? Sai na ɗauki shuɗin birona, na soke amsarka, na rubuta ta allo. Kuma da irin rubutunka na rubuta. Na san shidanka mai doguwar wuya, na san x ɗinka mai jingina kamar ya gaji, domin na cika bayan littafina da kwaikwayonsu. Na ba ka goma bisa goma, na tura littafin gaba ina murna, wai ni na yi maka alheri.

Alherin da ya durƙusar da kai a gaban aji ranar Laraba! Malam ya ɗaga littafin sama, ya ce a zo a ga monita guda da ya ga amsa a allo ya soke tasa. Ka rantse ba kai ba ne. Ya ce to ashe aljanin ajin nan ya iya rubutun Dogo, kai ke nan. Kowa ya yi dariya, ban da ni. Da ya tambaya wa ya duba littafin, ƙafafuna na tsura wa ido. Ina kallo ya karɓe monitanci daga hannunka, ya ce ka zo da Babanka ranar Litinin. Baki ɗaya zan buɗe, magana ɗaya zan yi, amma kunya ta danne ni kamar dutse. Wace irin ƙauna ce wannan, mai jefa mutum rijiya ta tsaya a baki tana kuka?

Tun ranar abinci ba ya wuce mini. Umma ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne, Yayata ta ce ai lissafi ne ya kama ni. Sau biyu ina zuwa ƙofar ofishin malamai ina juyowa.

Ba na roƙon ka so ni, tauraron asubahina. Ko yafiya ban isa in roƙa ba tukuna. Alkawari na kawo maka: ranar Litinin lissafi ne darasin farko, kuma kafin Babanka ya zauna a kujerar ofis zan miƙe a cikin aji in faɗa. Zan kawo littafina Malam ya ga bayansa. Na san zai tambaye ni dalili. Na san abin da 'yan aji za su riƙa rera mini har mu gama makarantar. Na yarda.

Alfarma ɗaya nake nema. In ka ji bencin baya ya motsa, don Allah kada ka juyo. Ka dubi allo. In idonka ya sauka a kaina muryata za ta gudu, kuma a wannan karon dole ta fito.

Taka, ko ka yafe ko ba ka yafe ba, har numfashina na ƙarshe,

Shiru-shiru