Kwalbar da ta cinye mini idon dama

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin da ya haɗa maganin ɗigon idon da na saya a Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin allo ne a Aujara, kuma marubucin Alƙur'ani da ka. Ina da ƙorafi uku.

Na farko. Da damina idona na dama ya yi ja, likita ya rubuta mini maganinku. Kwalbar a rufe take ruf. Shekara talatin ina karantar da hukuncin ruwan tsarki, don haka na duba launi, na sansana, har na ɗanɗana. Babu abin da ya jirkita, na ɗiga da bisimillah. Kwana uku ido ya cika da mugunya, kafin sati idon ya mutu. Mu huɗu muka haɗu a asibiti, lambar da ke jikin kwalabenmu iri ɗaya ce.

Na biyu. Mai haɗa magani na asibitin ya ce an sami ƙwayoyin cuta a ciki, irin waɗanda ido ba ya gani. Ya ce ku ma kuna da littafin ƙa'ida da kuke bi: kafin a fitar da irin wannan magani, sai an ɗebi samfuri an ajiye kwana goma sha huɗu, a ga ko wani abu zai tsiro. Ranka ya daɗe, kun jira kuwa? Ni na bi littafina, wallahi, bai dai kai inda naku ya kai ba.

Na uku. Tun da aka ƙaddamar da shari'a ana bin kasuwanni ana duba mudu. Algus a gero mace za ta gane shi a faifai. Na kwalba wa zai gane mana?

Ina roƙo ku janye sauran kwalaben, ku buga sakamakon awonku kowa ya gani, kuma kada hatimi ya hau takardar fitar da magani sai kwanakin sun cika.

Raina a ɓace yake, tsoro kuma ya fi. Yanzu idon hagu ya fara yaji, saura izu goma sha tara ban rubuta ba a Alƙur'anin da ke hannuna. An ba ni sabuwar kwalba, kwananta biyar a aljihuna, na kasa buɗewa. Ku faɗa mini: in ɗiga ko kada in ɗiga?

Allah ya tsare muku ganinku, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Malam Haladu Mai Rubutu,
Aujara.