Daren Juma'ar Fatsuma

Inna,

Na tahi Goronyo, ban so tashe ki ba. Jiya anka ce maƙwabciyarmu Fatsuma ta tsallake aikin daren Juma'a a asibitinmu, don kwamfuta ba ta nuna ta ba. Har da batun kora! Ashe ni na shigar da lokutan, na mance kwamfuta ba ta san darenmu na Juma'a da magaribar Alhamis yake farawa ba. Ina gyarawa sai ga sunanta, har mintocin da ta tashi sallar isha'i. Inna, ƙirar mutum ke nan, to mi za mu ishe a littafin mala'iku?

In Fatsuma ta shigo, ki ce ta bar kuka, ana jiranta wurin aiki yau.

Rumaisa