Gonar da Mama Ta Hana a Ƙona

Candelaria, 9 ga Mayu

Mijina Wilmer,

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin ayaba, ya ciwon bayan nan? Mu lafiya lau, sai kewarka.

Na ga takardarka, wai in gonar bana ba ta ciyar da mu ba, daga can za ka wuce Amurka. Tun da na karanta abinci ya daina yi mini daɗi.

Ga mahaifiyarka kuma! Kowa a tudun nan ya cinna wa gonarsa wuta kafin shuka, ita ta ce ko ashana kada a kai mata. Rassan itatuwa ta sassare, ta bar su kwance da karan bara. Maƙwabcinmu Don Tiburcio in ya zo wucewa sai ya ce, "Doña Eufemia, gona ce wannan ko juji?" Ta ce, "Je ka dai ka aske taka ƙwal kamar kanka."

Ni ma na tafka tawa. Ka san ni 'yar birni, na share ganyen da ta tara a gindin itatuwan kofi na ƙone, wai gyara nake. Ba ta yi faɗa ba. Hannuna ta kama ta tura ƙarƙashin ragowar ganyen, na ji sanyi da laima. Ta ɗora shi inda na share, zafi kamar kasko. Kunya kamar in nutse!

Yanzu ruwan wanke-wankena gindin ayaba yake bi, dusa ta kaji ce, kashin kaji na kabewa. Matar nan tana burge ni, amma ina tsoro.

Matarka,
Griselda

Candelaria, 20 ga Nuwamba

Wilmer nawa,

Ina gaishe ka, da fatan jiki da sauƙi.

Kwana shida aka yi ana tafka ruwa. Gonar Don Tiburcio ta zame da masararta duka ta gangara rafi, sai jan dutse. Na haura in duba tamu. Wilmer, tana nan! Saiwar itatuwan da Mama ta ƙi sarewa ta riƙe ƙasar, ruwan da ke fita ta ƙasan gonar garau yake.

Jiya Don Tiburcio ya zo, malafa a hannu, ya kasa ɗaga kai. Mama ta auna masa masara da wake, ta ce, "Daga juji ne fa, a wanke." Ya yi dariya har da hawaye. Gobe za ta je ta nuna masa yadda ake sarar rassa, da ƙafarta mai ciwo. Ban taɓa ganin mace irinta ba.

Rumbu ya cika, saura buhu biyu a ɗakinmu. Kai ka sa sharaɗi. To gona ta ciyar da mu, har da maƙwabci. Motar Asabar da rana tsaka take isowa, zan jira ka a bakin hanya.

Taka mai kewarka,
Griselda