Ruwan Juma'a da Ruwan Lahadi

Sintali, Jalingo,
14 ga Afrilu, 1996.

Zuwa ga Yayana Manasseh,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya kai da Anti Rose da yara, da aiki da zafin Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku a baƙon wuri. Mu nan duk lafiya lau. Ciwon ƙafar Mama ya yi sauƙi, ƙanwarmu Keziah kuma ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Albarka.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro, duk da ka san ni da rubutu sai a hankali, shi ne in gaya maka Baba ya koma rafi. Ka tuna gurbin gindin ɗinya inda yake kai mu fatsa kowace Asabar, ba don sayarwa ba, don dai jin daɗinsa? Shekara uku ke nan masu lambu suna tare rafin daga sama da buhunan yashi da rani, suna jan ruwa da inji. Gurbin ya koma taɓo, ko ƙaramar karfasa babu. Baba ya soke sandar fatsarsa a rufin ɗaki, ya ce rafin ya riga shi mutuwa. Daga nan ya daina fita, ya daina ba'a, abinci ma sai Mama ta yi faɗa. Gaskiya na ji tsoron kada zaman nan ya tafi mana da shi.

Bara da rani ina wucewa ta lambu sai na ga balbelu sun bar shanu sun jeru a fangalin albasa. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Kwana huɗu ina zuwa ina tsugunawa, har na gane abin da suke tsinta: 'ya'yan kifi ne, wasu ba su kai ɗan yatsa ba. Ashe tiyon inji ne yake zuƙe su tare da ruwa ya watsa su cikin albasa. Na cika gwangwanin madara da su, na kai wa Bappa Yuguda, shugaban masu lambu. Ya yi dariya, ya ce shi albasa yake nomawa, kifi kuma ya nemi nasa sarkin. Ban yi musu ba. Na roƙe shi dai ya bar ni in ɗaura kwando da guntun gidan sauro a bakin tiyonsa. Bayan mako ɗaya da kansa ya aiko a kira ni, wai tunda na sa kwandon injinsa bai ƙara shaƙewa da ciyawa ba. Kafin wata ya ƙare na ɗaura kwando goma sha ɗaya.

Saura maganar sakin ruwa, a nan ne aka sha wuya. Kowa ya ce ba da rabonsa za a shayar da kifi ba. Sau biyar ina zuwa taronsu ina komawa haka nan. Amma na lura da abu guda: ran Juma'a da rana injinan Musulmi shiru suke, ran Lahadi da safe kuma namu ne shiru, ruwan yana kwance ba mai taɓa shi. Sai na ce musu ba na roƙon ruwan kowa, ina roƙon na lokacin da mai shi ya tafi gaban Allah. Bappa Yuguda ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce wanda ya hana wannan ai da kunya zai shiga masallaci. Tun daga ranar, duk Juma'a Job maƙwabcinmu yana ɗage buhu uku, duk Lahadi Usaini ɗan'uwan Bappa yana ɗage uku. Albasar kowa ba ta bushe ba, gurbin kuma bai ƙafe ba, bara da bana.

Ban gaya wa Baba komai ba, don kada in sa masa rai a banza. Litinin ta Ista na haƙo tana, na sauko da sandarsa, na ce ya raka ni ko inuwa ya sha. Ya tafi yana mita, wai na mai da shi yaro. Da ya ga ruwa kore shar a gindin ɗinya sai ya karɓe sandar daga hannuna. Yaya, rana ba ta kai tsaka ba ya ja tarwaɗa! Tsoho ya miƙe tsaye yana ihu yana kiran sunanka, har masu lambu suka baro aiki. Ya raba ta biyu, ya aika wa Bappa Yuguda wajen kan. Jiya Asabar tun ban tashi ba ya riga ni zuwa rafi.

Mama tana gaishe ku, Keziah da mijinta da jaririya ma haka. Ka gaishe mini da Anti Rose, da Joan da ƙannenta. Baba ya ce in ka tashi zuwa Kirsimeti ka taho masa da ƙugiyoyi manya, nasa sun yi wa kifin bana kaɗan. Ya kuma ce ya san halinka, za ka ce ƙari muka yi. Don haka zaren da ka gani cikin ambulan ɗin nan kada ka yar, shi ya yanke shi da hannunsa. Ka miƙe shi a kan tebur, tsawon tarwaɗar ke nan.

Ni ne ƙanenka,
Tobiya Andrawus.