Papa Okoro Yana Bakin Ƙofa

Yaya Sani,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Anti Rabi, ya yara, ya zafin Kano? Mu nan unguwar New Bell lafiya, sai dai Baba.

An ba 'yata Zainab hadda a makaranta, jawabin nan da shugaban Amurka ya yi a maƙabartar filin daga lokacin yaƙin basasarsu. Ta je shagon Baba a kasuwar Marché Congo tana bita, maƙwabcinsa Papa Okoro yana fassara masa. Da aka kai inda ake cewa kada jinin mamatan ya tafi a banza, sai Papa Okoro ya ce, "Alhaji, ni ƙanina da ya mutu a yaƙinmu na Najeriya babu wanda ya yi masa jawabi. A bakin kogi muka bar shi." Ya faɗi sunan garin.

Yaya, a garin nan ne Baba ya riƙe babbar bindiga yana soja, su Papa Okoro kuwa suna ɗaya ɓangaren.

Tun ranar Baba bai koma kasuwa ba, abinci ma sai an matsa masa. Kullum Papa Okoro sai ya zo dubiya, mu ce yana barci.

Ka gaida Kawu, ku sa mu a addu'a. Yanzu haka ga Papa Okoro a ƙofa da lemo, kuma yau Baba ya ce a shigo da shi.

Ƙanwarka,
Hauwa